Tsagar Sin a hannun 'yar wanzami

Mahaifina wanzami ne, Allah Ya jiƙansa. Tun ina firamare ni ke wanke masa ƙahonni idan ya dawo daga cin kasuwa, ni ke jera asake a zabira. Gadon sana'ar bai taɓa zo mini a rai ba, tunda a gidanmu mace ba ta riƙe aska. Sai ga shi yau ina da shagon gyaran fata a Kano, kuma wuni nake ina tsaga, illa dai tawa tsagar sau da yawa zurfinta bai wuce kaurin farce ba.

Saron kaya ne ya kai ni birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na sauka a unguwar Xiaobei kamar sauran 'yan uwa. A lokacin tabon ƙuraje ya cinye mini kumatu, sai tafintata ta raka ni wurin wata dattijuwa mai maganin gargajiyar Sin. Na zaci fuska za ta fara dubawa. Ina! Harshe ta sa na zaro, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ta yi shiru, sannan ta shiga tambayar barcina, bayan gida, da al'ada. A karatunsu fuska madubin ciki ce: goshi na zuciya, hanci na saifa, kuncin hagu na hanta, na dama na huhu, haɓa kuma ta ƙoda. Wannan rabon yana cikin Huangdi Neijing, littafin likitancinsu da ya haura shekara 2,000. Da na waiga na hango kofunan ƙaho na gilashi jere a tire, hawaye ne suka zubo mini.

Abin da ta ɗauko wata 'yar guduma ce mai dogon mariƙi, da allurai bakwai a kanta, ta bubbuga fata. Suna ce mata allurar taurari bakwai, mai biyar kuma allurar furen meihua. Duk zuwan da na yi bayan nan, rabin kwanakina a ɗakinta suke ƙarewa, ina koyon aikin. Kusan wata guda ba ta bari na taɓa mutum ba. Tawul ta naɗe mini na yi ta bugu, daga baya lemo, daga baya cinyata. Bugun daga wuyan hannu yake fitowa, allura ta sauka a miƙe ta tashi nan take kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ta karkace ko kaɗan, yagar fata za ta yi. In na kuskure sai ta ɗan doke mini hannu da sandar cin abinci, irin yadda Baba ke yi wa yaransa da mariƙin aska.

Yanzu na'ura mai kama da alƙalami nake amfani da ita, mai kan allura da ake yarwa bayan kowane mutum. Wani likitan Afirka ta Kudu, Desmond Fernandes, yana cikin waɗanda suka kawo wannan salon asibiti a shekarun 1990. Likitocin zamani sun ce ƙananan hudojin suna sa jiki ya ɗauka an ji masa ciwo, sai ya saƙa sabon kolajin, zaren da ke riƙe fata ta tsaya. Malamata kuwa cewa take jini da ƙarfin jiki, abin da suke kira chi, su ne suka tsaya ake tada su. Ni duka biyun na riƙe. Goshi fata ce a kan ƙashi, hudar milimita 0.25 zuwa 0.5 ta isa. Kumatu masu ramin tabo sukan ɗauki 1 zuwa 1.5. Sai an huta mako huɗu zuwa shida kafin a sake, kuma tabo na gaske yana son zama uku zuwa shida.

Abin da ba ta iya koya mini ba shi ne baƙar fata. Tamu in an zurfafa mata sai ta rama da duhu, tabon ya fi na da muni. Wannan a kuncina na koye shi, na yi watanni ina rufewa da mayafi. Shi ya sa mai jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu ba na taɓa ta, haka mai ciki, haka mai ɗanyun ƙuraje. Mai shafa man bilicin kuwa sai ta ajiye shi, fatar ta dawo hayyacinta tukuna.

Ga kuma masu amfani da ɗan abin murzawar nan mai allurai a jiki, wanda ake saye a kasuwa da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Yarinya ta kalli bidiyo biyu a TikTok, ta buɗe shago. Na taɓa sa irin abin murzawar a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, bakin alluran a lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. Kuma shi ɗin za a murza wa amarya, a goge da auduga, a murza wa ƙawarta. Baba ma, da bai yi boko ba, sai ya gasa aska a wuta. Ciwon hanta irin B da C ta jini yake bi, ba ruwansa da araha.

Makon jiya wata Hajiya ta shigo da 'yarta, biki saura kwana takwas.

"Anti, a yi mata mai zurfin nan gaba ɗaya, kuma a rage mana. Can layin baya rabin kuɗinki suke karɓa."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. In na yi mata yau, ranar kamu da jar fuska mai saɓa za ta fito. A yi mata dilka da halawa, in sha Allahu bayan biki ki turo min ita."

Ta ja tsaki ta fita. Yarinyar ce ta dawo da gudu wai ta manta jaka, ta karɓi lambar shago, ta ce in duba mata harshenta kafin Mama ta yi hon.