Wasiƙa daga Ingila: rigimar tallafi da dogaro da kai

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Da yawanku in muka yi waya sai tambayar nan ta fito: wai da gaske ne a Ingila mutum yana kwance a gida gwamnati tana biyansa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ku fara sanin cewa baƙon da ya zo da bizar karatu ko ta aiki ba shi da rabo. An rubuta ƙarara a sharuɗɗan zamansa cewa ba zai taɓa kuɗin tallafi ba, ko da yana biyan haraji. Su kansu 'yan ƙasar kuwa, da wuya ka ga abin da ke haɗa su cacar baki kamar wannan kuɗi.

Rigimar ba ta yau ba ce. A 1834 majalisa ta yi dokar da ta tura mai neman taimako gidan aiki, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, a sa mutum fasa dutse. Da gangan aka ƙuntata rayuwar wurin, don kada ta fi ta leburan da ya fi kowa ƙarancin lada daɗi. A 1942 sai masanin tattalin arziki William Beveridge ya fitar da rahotonsa, ya ce abokan gaba biyar ne: rashi, ciwo, jahilci, ƙazamin matsuguni da zaman banza. Daga nan aka samu asibiti kyauta a 1948. Tunanin nan biyu har yau suna kokawa a majalisa da jaridu.

Masu cewa a tsuke bakin aljihu suna yawan tuno Norman Tebbit, ministan da ya ce a 1981 mahaifinsa da ya rasa aiki bai yi tarzoma ba, kekensa ya hau ya tafi nema. Ba na raina maganarsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mutumin da ya shekara biyar ba ya fita aiki, ba albashi kaɗai ya rasa ba, har ƙwarin zuciya. Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa kuɗin a bagas ake samunsa.

Tsarin da ake kira Universal Credit, wanda aka fara a 2013 aka haɗe tallafi iri shida a cikinsa, sai mutum ya jira mako biyar kafin kuɗin farko ya shigo. In ba zai iya jira ba a ba shi rance, a riƙa cirewa daga baya. Mai lafiya kuma sai ya sa hannu a kan alƙawarin neman aiki, har awa 35 a mako, yana nuna wa jami'in da ke kula da shi shaida. Ya saɓa ganawa babu ƙwaƙƙwaran dalili, a datse kuɗin. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu karɓa ma'aikata ne, albashin ne bai kai su ƙarshen wata ba.

Akwai wani zauren coci da nake taya rabon abinci a cikinsa ranar Asabar. Kwanan baya wata mata ta shigo da rigar aikin kula da tsofaffi a jikinta, daga aikin dare ta fito. Ta miƙa takardar da aka ba ta, idonta na kan tebur, aka haɗa mata abincin kwana uku. Da ta ga gwangwanin da sai an dafa, ta tambaya a hankali ko za a musanya mata da wanda ake ci haka nan, don kuɗin mitar gas ɗinta ya ƙare. Ƙungiyar Trussell kaɗai ta raba irin wannan ƙunshi fiye da miliyan 3 a shekarar 2023 zuwa 2024.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma masu ihu daga kowane ɓangare ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne yadda ake janye hannu in mutum ya fara tashi. Fam ɗaya kwabo 100 ne. A kowace fam da mai karɓar tallafi ya samu da guminsa, ana rage masa kwabo 55, bayan ɗan abin da ake ɗauke wa masu 'ya'ya da masu nakasa. Kafin ƙarshen 2021 ma kwabo 63 ne. In albashinsa ya kai a cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, abin da ke saura masa a ƙarin awar da ya yi bai kai sulusi ba. Attajirin da ke biyan harajin kashi 45 kuwa, fiye da rabi ke zama nasa. To wa aka kashe wa gwiwa a nan?

Na masu jinyar 'yan uwa ya fi muni. Wanda ke kula da mahaifiyarsa ko ɗansa mai nakasa awa 35 a mako, a 2024 fam 81.90 ake ba shi a mako, da sharaɗin kada ya samu fiye da fam 151 a mako daga wani aiki. Ya wuce da fam ɗaya tak, kuɗin makon duka ya tafi. Dubban mutane sun haye layin ba su sani ba, wani don an ƙara masa 'yan kwabbai a albashi, sai bayan shekaru wasiƙa ta zo cewa su mayar da dubban fam. Mai hankali da ya ji haka, in shugabansa ya ce ya ƙara awa ɗaya, ai cewa zai yi a'a. Sai kuma a zauna a talabijin ana kiransa rago.

A watan Afrilu na 2025 an ɗaga iyakar zuwa fam 196 a mako. An matsar da layin gaba, amma wanda ya wuce shi da fam ɗaya, hukuncin bai sauya ba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Ingila