Abin da Filin Golf Ya Koya Mini Game da Fushi da Shugabanci

Sana'ata fataucin albasa da hatsi ce daga arewa zuwa kasuwannin Kumasi, kuma ina da direbobi da masu lodi da suke cin abinci a ƙarƙashina. Wani abokin ciniki ne ya fara kai ni filin Royal Golf Club, inda ake buga gasar Asantehene, kasancewar shi kansa Asantehene, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, ma'abocin wasan ne. A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi mutane da yawa suna ɗaukar golf wasan masu kuɗi da suka rasa abin yi. Ba na musun tsadarsa, amma a nan ne na fara ganin yadda fushi yake aiki a jikin mutum ƙarara.

Zagaye ɗaya ramuka 18 ne, kuma yakan ci kusan awa huɗu, alhali idan aka tara duk lokacin da sanda take lilo a hannu, 'yan mintuna ne kawai. Sauran lokacin tafiya ce, daga mutum sai zuciyarsa. Ƙwallon tana zaune har sai ka buge ta, babu mai tare ka, don haka idan ta faɗa ramin yashi ko cikin itatuwa, babu wanda za ka ɗora wa laifi. Wanda ya taho da ɓacin ran bugun baya zai damƙe sandar da ƙarfi, kafaɗunsa su ƙage, lilonsa ya yi gaggawa, sai kuskure guda ya haifi uku. Yaron da yake ɗaukar mini jakar sanduna, wanda ya san filin fiye da ni nesa ba kusa ba, yakan ce, "Alhaji, fito da ita fili kawai, ramin ba zai gudu ba." Wato in haƙura da asarar bugu ɗaya, maimakon in nemi ramawa ta tsakanin itatuwa.

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. A gasar Open ta 1999 a Carnoustie da ke Scotland, ɗan Faransa Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe yana gaban kowa da ratar bugu uku (a golf mai ƙarancin bugu ne yake yin nasara), ta yadda ko bugu shida ya yi kofin nasa ne. Sai ya zaɓi kasada, ƙwallon ta bi ta dogayen ciyayi da rafi da yashi, ya ƙare da bugu bakwai, kuma Paul Lawrie ya lashe kofin a wasan raba gardama. A ganina gwanintarsa tana nan a ranar, shawarar da ya yanke kafin kowane bugu ce ta kayar da shi.

Dokar wasan ta ce a buga ƙwallo daga inda ta kwanta, kuma da ita nake aiki yanzu. Idan direba ya kira da dare ya ce mota ta lalace tsakanin Kintampo da Techiman da albasa a ciki, tambayoyina su ne ko kowa yana lafiya, a ina motar take, kuma wace mota ce mafi kusa da za ta kwashe kayan kafin zafi ya ruɓar da su. Binciken wanda ya yi sakaci yana jiran gobe, mu biyu a ɗaki, domin direban da aka yi wa faɗa a waya ba zai sake faɗin gaskiya da wuri ba, kuma jinkirin labari ya fi lalacewar injin jawo asara.

Akwai kuma batun amana, tunda a golf ɗan wasa ne yake kai ƙarar kansa. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones na Amurka ya ga ƙwallonsa ta motsa kaɗan, ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya na hukunci ko da yake jami'an gasar ba su gani ba, aka tashi canjaras, ya rasa kofin a wasan raba gardama. Saboda haka ne littafin lissafin shagona yake buɗe ga akawu da manyan direbobi, kuma duk kuɗin da na ɗauka daga ciki ana rubuta shi da sunana kamar na kowa.