Kemo duk sati biyu, duk sati uku, ko kowane sati: yadda na haɗa shi da zuwa aiki

Akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango da har yanzu yake cikin durowar teburina na ofis, na kasa yar da shi. A ciki na riƙa rubuta ranakun kemo ɗina, wato ruwan maganin sankara da ake ɗaura min ta jijiya, ba kwanan wata ba fa, rana ta 1, rana ta 2, rana ta 3, haka har zuwa ranar da za a sake ɗaura min wani ruwan, kuma gaban kowace rana sai in rubuta yadda jikina ya tashi da ko na iya taɓa aiki. Satin da ya wuce wata ƙanwa da aka gano mata sankarar mama ta ce min, Yaya dan Allah wanne ya fi sauƙi ga mai zuwa aiki, na sati bibbiyu ko na sati uku-uku? Shine na ɗauko littafin na sake karantawa tun daga shafin farko, dan bana so in ba ta amsar da baki kawai ya tuna.

Gaskiyar magana ba mai sauƙi a cikinsu. Kowanne da inda yake ajiye wahalarsa, kuma mai aiki abin da ya fi buƙata shi ne ya san a wace rana wahalar za ta sauka.

Ni tsarin da aka ɗora ni a kai kashi biyu ne. Da farko dokzorubisin da saiklofosfamaid, wanda a asibiti kowa yake cewa AC, sau 4. Dokzorubisin shi ne jan nan da nas take zama kusa da kai tana turawa a hankali da babban sirinji, kuma fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu bayansa, in ba a faɗa maka ba wallahi sai hankalinka ya tashi. Kafin a fara sai da aka yi min hoton zuciya saboda maganin yana iya taɓa zuciya, kuma akwai iyakar adadin da jiki zai ɗauka a duk tsawon rayuwa. Bayan AC sai faklitaksel, wanda aka fi sani da Taxol. Ba a yi min kintace ba wajen adadi, tsayina da nauyina aka auna aka fitar da faɗin jikina, shi ya sa duk zuwa sai an hau sikeli.

Ranar da likita ya zauna yi min bayani ya jawo takarda ya zana min layi uku. Ya ce Malama, in AC ɗin duk sati uku ne sati 12 kenan, in duk sati biyu ne sati 8, maganin iri ɗaya adadi ɗaya, tazarar ce kawai aka matse dan kada ƙwayoyin cutar su samu sararin farfaɗowa tsakanin wannan da wancan. Amma matsewar ba ta yiwuwa sai da allurar da take zaburar da ɓargo ya fitar da fararen ƙwayoyin jini, filgirastim ta kullum na wasu kwanaki ko fegfilgirastim guda ɗaya washegarin kemo. Shi kuma Taxol ana iya bayar da babban kaso duk sati biyu sau 4, ko ƙaramin kaso kowane sati sau 12. Na lissafa a raina, in an matse duka biyun sati 16 an gama, in AC a matse Taxol kuma sati-sati sati 20, in AC ɗin na sati uku ne sati 24. Abin da ya fara zuwa min a rai hutun aikina ne, har na ce likita wanne zai fi barina in je ofis? Ya ce mu fara duba wanne ya fi dacewa da cutar da ƙarfin jikinki, sannan mu gyara wa ofis. A lokacin maganar ta ɗan yi min nauyi, yanzu kuma ita nake faɗa wa duk wadda ta tambaye ni.

Daga baya, a dararen da dekzametason, maganin da ake haɗawa da kemo dan rage tashin zuciya, ya hana ni barci, na karanta abin da ya sa yake son matsewar. Tun 2003 wani babban bincike a Amurka ya nuna matan da aka ba su duk sati biyu sun fi tsira daga dawowar cutar. A 2019 kuma mujallar Lancet ta fitar da nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 26 na mata fiye da 37,000, aka ga cikin shekara 10 cutar ta dawo wa kusan kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka ƙarfafa musu tsarin, su kuma na tsarin da aka saba kusan kashi 31. Wani zai ce ai ratar ba yawa. Ni da nake cikin lissafin, mutum 3 cikin 100 ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Shi ma Taxol, a 2008 an nuna na kowane sati ya fi na sati uku-uku amfani, shi ya sa aka koma ba shi sati-sati ko sati bibbiyu.

To sai aka tsayar min da AC duk sati biyu, Taxol kowane sati. Abu ɗaya da na roƙa kuma aka amince shi ne ranar Alhamis, kuma in akwai shawarar da ta cece min aikina ita ce wannan. Dalili kuwa, ranar kemo ba ita ce mummunar rana ba. Alhamis a ɗaura ruwa, Juma'a ƙarfin dekzametason yana ɗauke da ni har ina jin kamar ba abin da aka yi, in je a yi min allurar ɓargo in dawo in amsa saƙonnin ofis daga gida, sai Asabar da Lahadi abin ya sauko gaba ɗaya, tashin zuciya wanda ba ya kai ga amai amma ba ya tafiya, baki kamar na tsotsi ƙarfe, ruwa ma ya canza ɗanɗano, ga ciwon ƙashi daga allurar nan a ƙugu da gadon baya da tsakiyar ƙirji kamar ana kwankwasa min daga ciki. Litinin, rana ta 5, a littafina sau huɗu na rubuta kalma ɗaya, kwance. Talata nake lallaɓawa in fita rabin yini. Daga rana ta 9 zuwa ta 13 ne nake zama mutum sosai, kwana biyar kacal, kuma cikinsu nake tura duk wani aiki mai buƙatar kai, sai a ɗebi jini a duba, Alhamis kuma a koma.

A kujerar kusa da tawa akwai wata malamar makaranta da ta girme ni, ita likitanta sati uku-uku ya ɗora ta saboda wasu larurorin da take da su. Muna kwatanta littafanmu, dan ita ma na sa ta fara rubutawa. Satinta na farko kamar nawa ne, na biyu kasala da kaffa-kaffa da jama'a saboda tsakanin rana ta 7 da ta 14 ne fararen ƙwayoyin jini suke faɗuwa ƙasa, amma sati na uku cur nata ne, ta shiga aji ta yi darasi ta yi makin ta manta da asibiti. Takan ce min ƙanwata ke kam ba a barinki ki numfasa. Ina sha'awar satin nan nata ba kaɗan ba. Ita kuma ranar da na gama AC tana da sauran wata guda a gaba, ta riƙe hannuna ta ce ina ma ni ce.

Maganin tashin zuciya na koyi shan sa a kan lokaci tun kafin zuciyar ta tashi, in ka jira sai ta tashi ka makara. Ondansetiron yana aiki amma yana ɗaure ciki sosai, a zagayen farko kwana huɗu ban zaga ba kuma kunya ta hana ni faɗa, da na faɗa nas ta ce ai da tun ranar farko za a haɗa miki da mai sassauta ciki. Gashi kuwa rana ta 16 daga kemo na farko ya fara zuba, da safe ina shirin fita na ga matashin kaina. Na zauna bakin gado na yi kukana, na ɗaura ɗankwali na tafi, dan ranar akwai taro.

Maganar ofis. Mutum biyu kawai na faɗa wa da farko, ogana da abokiyar aikina da muke tebur kusa. Na je da takardar likita da jerin ranaku, ban ce a tausaya min ba, na ce Yallaɓai Alhamis da Litinin na satin kemo ba za ka gan ni ba, Juma'a zan yi daga gida, ina roƙon a matsar da teburina daga bakin ƙofa inda kowa yake wucewa, kuma duk lissafin da na yi wani ya sake dubawa kafin ya fita. Wannan na ƙarshen ya fi min wuyar faɗa, shekaru ina aikin lissafi ba wanda yake bin bayana, amma kemo yana saka wani hazo a kai, in karanta layi sau uku bai zauna ba, kalmar da na sani sarai ta ɓace min a tsakiyar magana. Gara in nemi a duba da in yi kuskuren da zai shafi albashin mutane. Na lura shugabanni sun fi iya taimakawa in ka kawo musu abu ƙayyadadde, in ka ce kawai ba ni da lafiya su ma rasa abin yi suke.

Ma'aunin zafi kuma ya zauna a jaka, wannan ba wasa. A zagaye na biyu, rana ta 8, ana tsakiyar rufe lissafin ƙarshen wata na ji sanyi yana ratsa ni, na auna na ga 38.2. Zuciyata ta ce sha farasitamol ki ƙarasa, saura awa biyu a tashi. Amma an ja min kunne cewa 38 ga mai kemo asibiti ne kai tsaye ko da tsakar dare, saboda in fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa ƙaramar cuta tana iya shiga jini cikin awanni, kuma farasitamol ɓoye zazzaɓin yake yi. Na bar fayil a buɗe, abokiyar aikina ta kai ni. Kwana biyu na yi ana saka min maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Lissafin wani ya ƙarasa shi.

Da aka koma Taxol na kowane sati sai rayuwar ta canza salo. Tashin zuciya kusan babu, ruwan kansa awa ɗaya ne, amma da gwajin jini da jira da magungunan da ake fara bayarwa dan hana jiki yin bore, yinin ya tafi, maganin ƙaiƙayin ya sa ni barci a kujera, dekzametason kuma ya buɗe min ido har asuba. Na fi zuwa aiki a wannan lokacin, kwana huɗu a sati, sai dai babu hutun da jiki zai cika ya dawo, gajiyar taruwa take kamar bashi, sati na 3 lafiya lau, sati na 9 hawa bene ɗaya sai na tsaya a tsakiya. Wata da take karɓar babban kason duk sati biyu ta ce min ita awa uku take yi a kujera kuma kwana biyu bayansa gaɓoɓinta da tsokarta ciwo suke kamar an yi mata duka, amma zuwa 4 ta gama, ni kuwa 12.

Kuskuren da ya fi damuna a nan na yi shi. Wajen sati na 7 kan yatsuna ya fara dindiris, da ɗan tsikari kamar ana soka allura, ina buga lamba a kwamfuta in danna 8 maimakon 5 ban ji ba. Na yi shiru sati guda saboda tsoron kada a rage min magani cutar ta samu hanya. Nas ce ta kama ni ina fama da maɓallin hannun riga, ta ce Anti tun yaushe? Likita ya yi min faɗa a hankali, ya ce lalacewar jijiyar nan in aka bari ta yi nisa wani lokacin ba ta komawa, kuma rage kaso saboda ita abu ne da aka tanada cikin tsarin tun farko. Aka rage, na ƙarasa 12 ɗina. Yau hannun dama ya warware, yatsu biyu na hagu da tafin ƙafa har yanzu da saura, musamman in gari ya yi sanyi.

Ƙanwar nan na karanta mata shafukan rana ta 3 zuwa ta 5 ba tare da na rage komai ba, sannan na nuna mata na rana ta 9 inda na rubuta, na yi aiki har yamma, na yi dariya a ofis. Na ce ta tambayi likitanta dalilin tsarin da ya zaɓa mata, ta tambaya ko za a iya ba ta ƙarshen sati, kuma kada ta taɓa ɗage ranar kemo da kanta saboda wani taro ko rufe lissafi. Jiya ta turo min hoton littafin da ta saya, ta riga ta ja layuka ta rubuta 1 zuwa 14 a gefe. Alhamis mai zuwa za a ɗaura mata na farko, na ɗauki hutun rabin yini zan raka ta.