Ajin Opera na Dare a Berona

Da hayar matasan zama na fara. Lokacin ina sabon zuwa Italiya daga zangon Kumasi, na samu aikin bazara a Arena ta Berona, tsohon filin dutsen da Rumawa suka gina, inda ake wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, tun 1913. Ni dai in miƙa wa mutum matashi ya ɗora a kan dutse, in karɓi kuɗi. Daren da na fara ganin dubban mutane sun kunna 'yan kyandirori sun yi tsit, sai muryar mace guda ta cika filin, tsigar jikina ta tashi.

Wata dattijuwa mai ɗinkin kayan 'yan wasa ce ta lura ina tsayuwa bayan an tashi aiki. Allura a bakinta, take ce min: "Yaro, rufe idonka. Wannan magana yake yi ko kuka?" Shekara huɗu ina zama gefen kekenta. A wurinta na koyi bambanta inda mawaƙi ke tura labari gaba da inda yake tsayawa ya amayar da abin da ke zuciyarsa, wato ariya. Allah ya jiƙanta.

Yau ina da ajina na manya, Talata da Alhamis da dare, mutum goma sha biyu ba ƙari. Akwai 'yan fansho, akwai direban bas, akwai ma'aikaciyar jinya. Ba na fara darasi da lissafo shekarun tarihi. Sai mun saurari kakakin da ke buɗe L'Orfeo, wasan opera da Monteverdi ya tsara, sau uku, sannan in gaya musu a fadar Mantuwa aka fara yin sa a 1607, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga nan ba. Waƙar fada ce ta sarakuna, abin da ɗan zango ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A 1637 ne birnin Benis ya buɗe gidan opera da kowa zai biya ya shiga, daga nan masu tikiti suka fara juya akalar sana'ar.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu tare baƙi a bakin fili da "tarihin opera cikin awa ɗaya", suna karantowa daga waya. Da kunnena na ji wani yana cewa a Berona aka fara Aida, wasan opera da Verdi ya tsara. A Alƙahira ne, 1871! Sannan mutum ya zo yana taya ajina da farashinsu. Nakan ba shi kujera kyauta dare ɗaya kawai.

Verdi kaɗai mako biyar muke yi a kansa, ba na gaggawa. Ƙarshen zangon karatu kuma mu tafi Arena tare, can saman dutse inda sauti ya fi daɗi. Matasan zama ni nake kawo wa kowa.