Kafin ka zuba kuɗinka a kambas na tsohon yayi

Ina son kambas na tsohon yayi ƙwarai. Amma duk wanda ya zo neman shawarata kafin ya saya, abin da nake fara ce masa shi ne ya juya takalmin ya dubi ƙasansa, ya bar maganar suna tukuna.

Air Jordan 1 ya fito a 1985 a kan dala 65. Yau idan Nike ta sake fitar da shi, kuɗinsa na kanti yana kaiwa wajen dala 180, wato sama da naira dubu 200, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Kuma takalmin bai sauya ba. Ƙirar shekara arba'in ce, ƙasansa a shafe, da tauri. Wanda zai wuni a tsaye a shago, ƙafarsa za ta gaya masa kafin la'asar. Haka Samba na Adidas, wanda asalinsa an yi shi ne don 'yan ƙwallo a filin da ya daskare a Jamus: kyakkyawa ne da wandon jins, har da ƙaramin kaftani yana shiga, sai dai ƙasan siriri ne. Kaso mai yawa na kuɗin nan tarihi kake saya da shi. Ban ga laifin hakan ba, in dai ka san abin da kake biya ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne soson da ke tsakanin fata da roba. Jordan 3 da Jordan 4 da tsofaffin Air Max da wani soso ake yinsu mai suna polyurethane. Laimar iska tana cin sa a hankali, har ranar da zai ruguje kamar busasshen burodi. Ajiya a kwali ba ta hana shi, damina kuwa ƙara masa sauri take yi. Ina jin takaici idan na ga yaro ya tara kuɗi wata da watanni ya saya, sannan ya ɓoye sai sallah zuwa sallah. Takalmin yana lalacewa a ɗaki bai more shi ba. Jordan 1 da Stan Smith kuwa ƙasansu roba ce da aka ɗinke da jikin takalmin. Ko ya ɓalle, shumeka zai gyara maka.

New Balance 990 shi ne na fi yarda da tsadarsa. Tun 1982 ya fito a kan dala 100, har yanzu a Amurka ake haɗa shi, kuma ƙafa tana jin daɗinsa da gaske. Matsalarsa a wurinmu fatar nan mai gashi-gashi da aka rufe shi da ita. Ƙurar hunturu tana shiga cikinta, ga shi ba ta son ruwa, sai buroshi da haƙuri.

Jabu kuma ya cika ko'ina, yawancinsa daga birnin Putian na Sin, wani ma sai ƙwararre zai gane. Idan an ce maka sabon Jordan ne na asali a dubu 40, ka san ba shi ba ne. Ni na fi son gwanjo na asali a Ƙofar Wambai a kan jabu ɗan kwali. Sai dai ka duba takardar da ke liƙe a ciki, na Nike suna nuna lokacin da aka yi su, sannan ka danna soson da babban yatsa. In ya yi tsagu ko yana zubar da gari, ajiye musu kayansu.

Masu saya don su sayar da riba a StockX, shafin intanet na cinikin takalma, kuwa, ba na cikinsu. Kamfani yana iya sake fitar da launi ɗaya ko yaushe, farashi ya faɗi, kai kuma ga kuɗin jirgi da na kwastan a wuyanka. Ni ƙafa ɗaya nake saya, mai ɗinkakkiyar roba, fata sumul wadda tsumma mai laima zai goge, in riƙa sa ta kasuwa da wurin aiki har ta ƙare.