Na je Ostareliya neman tsakuwa a kan dutse

Wallahi har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma bari in rubuta tun abin yana da zafi. Abokina da ke karatu a Kanbera ne ya cusa ni cikin wata tawagar masu binciken kayan tarihi da za su hau duwatsun Namadgi, kudu da garin. Tun a filin jirgi aka ɓata min rai, wani jami'i ya zaro kilishin da Hajiya ta ƙulla min ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushe ya wurga a kwandon shara, ko sannu babu.

Ni na zata haƙa za mu yi. Ashe jeruwa ake yi sahu guda, kowa kai a ƙasa ana tafiya sannu sannu kamar masu neman allura, ana duba ɓarɓashin dutsen da mutanen zamanin da can suka fasa suka yi wuƙa da shi. Gobarar 2020 ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na dajin Namadgi, da ciyawa ta ƙone sai abubuwan da suke ɓoye suka fito fili. In ka ga ɗaya sai a kafa ƴar tuta, a ɗau hoto, a rubuta wurin a na'ura, shikenan a bar shi inda yake. Na farko da na tsinta har na kai shi aljihu, wata dattijuwa ƴar ƙabilar Ngunnawal, asalin mutanen yankin, da kowa ke ce wa Anti ta dube ni ta ce in mayar, nan kakanninta suka ajiye shi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko farfesan da ke jagorantar mu ba ya taka wani wurin sai ta ba da izini, ni kuwa sai na tuna zanen duwatsun Birnin Kudu, ban san ko an taɓa tambayar mutanen garin irin haka ba.

Ita ce dai ta riƙe ni kamar ɗanta, kullum sai ta cika min kofi da shayi. Ta ba ni labarin bogong, wani ƙwaro mai kama da malam buɗe littafi da ke tahowa daga nesa ya maƙale a kogunan duwatsun nan lokacin zafi, da can ƙabilu kan haɗu su gasa shi a toka su ci saboda maiƙonsa. Na ce Anti ai wannan farar mu ce, da yaji kawai ya rage! Ta yi dariya har da hawaye.

Tsada kuwa kar ma a yi magana, kofin shayi ɗaya a gari in ka juya shi zuwa naira ya ishe ka tuwo har sau uku. Wai lokacin zafi ne amma da asuba alwala sai da dauriya.

Ranar ƙarshe mun leƙa tsohon zanen dutse na wani wuri da ake ce wa Yankee Hat, farar ƙasa da ja a jikin dutse, ga kangaru ga kunkuru. Kogon dutsen Birrigai kuwa inda aka ce mutane sun zauna sama da shekara 20,000 lokaci bai bar mu ba. Washegari sai Sidni, sai Doha, sai gida.