Makonni takwas tsakanin hoto na farko da na biyu

Cikin azumin bara na fara jin nauyi a gefen dama na marata, na kuma ɗauka gajiyar tsayuwa a aji ce, kasancewar ina koyarwa a wata makarantar firamare a Argungu. Da abin ya wuce sallah bai lafa ba, maigidana ya kai ni Birnin Kebbi aka yi mini hoton ciki. Mai hoton ya daɗe yana goga na'urar a wuri guda kafin ya ce akwai ƙullutu mai ruwa a jakar ƙwai ta dama, girmansa santimita 4.6, sannan ya tura ni gwajin jini mai suna CA-125.

A rana ta biyu ta jinin al'ada aka ɗebi jinina. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban san da muhimmancin faɗa ba. Sakamako ya nuna 68, alhali a gefensa an rubuta cewa iyaka ita ce 35. Tun a bakin ƙofa na shiga intanet neman bayanin gwajin, kuma kalmar da idona ya fara faɗawa a kanta ita ce kansa, wato ciwon daji.

Kwana tara na yi kafin in ga likitar mata, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Na ninke takardar na tura ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba, amma kowane dare bayan yara sun yi barci sai in zaro ta in haska da fitilar waya, kamar lambar za ta sauya. Goggona ta rasu da kumburin ciki ba a san dalili ba, sai zuciyata ta haɗa mu layi ɗaya. Inna ta aiko da rubutu daga Jega na sha, amma na ƙi kwalbar maganin da wata maƙwabciya ta sayo wajen masu talla a mota, kuma har yau ina ganin na yi daidai.

Likitar ta duba takardun, ta ce, "Malama, yaushe aka ɗebi jinin nan?" Da na gaya mata, sai ta bayyana mini cewa al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa da ciwon sanyin mara duk suna iya ɗaga wannan lamba, don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai, musamman ga macen da ba ta daina al'ada ba. Hoton ta fi ba wa muhimmanci: ƙullutun ruwa ne zalla, bangonsa siriri, babu tsoka a ciki, kuma irinsa yakan baje da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Ta gargaɗe ni cewa idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya tare da amai, in garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin jakar ƙwan tana iya murɗewa.

Bayan mako takwas aka sake hoto, ƙullutun ya ɓace. Jinin da aka ɗeba kwana goma bayan na yi tsarki ya nuna 21. Tun daga nan nake rubuta ranakun al'adata a bayan littafin shirya darasi, kuma da ƙanwata ta turo mini hoton tata takardar gwaji tana kuka, na ce ta ajiye wayar, Litinin zan raka ta wurin likitar.